Saniyar Cikin Silima

Sau ɗaya na taɓa shiga silima a rayuwata, kuma da rana tsaka ne. A Tasawa aka yi, shekarar da fari ya ci ƙasa, muna samari, ni da Bube.

Karɓar jar dawar taimako ce ta kai mu. Daga ƙauyenmu, arewa da Urafane, muka taka da ƙafa, ni da buhu a kafaɗa, shi da sandar da ba ta da sauran abin kora. Shanun ubansa sun ƙare, saura uku. Ni kuwa ƙyanda ta ɗauke mini uwa da ƙanwa cikin mako guda, daga nan bakina ya mutu, ko an gaishe ni kai kawai nake ɗagawa. Bube ne ya jawo ni tafiyar. Tun muna yara muke tare, don kowace kaka ubansa kan sauke garke a gonar ubana, shanu su ci kara da harawa, su bar mana taki. Shi Kaɗo yake ce mini, ni ina ce masa Ɗan Nagge, wato ɗan saniya da yarensu na Fulani. Ƙwarya ɗaya muke shan nono, ludayi ɗaya, kuma kullum sai ya ce na fi shi zurfin kamfata.

Kwana uku muka yi a layi. Rana ta biyu wani mutum mai suna Mumuni, mai gadin magazar gyaɗa, wato babban ɗakin ajiyarta, ya zagayo yana shela cewa yana da silima. Wai wani Bature ne ya tafi ya bar masa na'ura da gwangwani biyu na zaren fim. Magazar ba ko ƙwayar gyaɗa a cikinta a shekarar. Mumuni ya toshe tagogi da tsofaffin buhuna, ya rataya farin zane a bango, ya tayar da wani inji mai tari kamar tsohon jaki. Abin shiga tafin dawa ne, wanda bai samu ba tukuna a bar shi ya shiga haka nan.

Hoton baƙi da fari ne, kuma bakin zaren ya cinye, ba suna ba komai, sai kawai muka ga mutane. Ba faransanci suke yi ba. Akwai rubutun faransanci yana wucewa a ƙasa, amma ni aji uku na yi a lekol, kafin in haɗa kalma biyu ya tafi. Sai muka raɗa musu sunaye da kanmu.

Akwai Dogo, mai fiton mutane da kwale-kwale a wani kogi tsakanin duwatsu. Gida ɗaya gare shi a bakin ruwa da saniya ɗaya. Akwai Mai Hula, abokinsa, da ke zaune tare da shi. Akwai kuma Mai Lema, wata mace da kan ƙetare kogin da kwandon burodi. Da aka fara, su ukun suna zaune kan tebur, ba mai magana, ɗan maraƙi yana tsalle a tsakar gida. Ba sai ka ji yarensu ba, kowa a magazar ya gane maza biyun mace ɗaya suke so, kuma kowannensu ya san ɗan'uwansa ya sani. Wata safiya Mai Hula ya ɗaure akwatinsa. Dogo da kansa ya ƙetare da shi. Tun daga wannan gaɓa har waccan ba wanda ya ce uffan. Mai Hula ya sauka, ya tsaya, ya daɗe a tsaye da akwati a hannu. Dogo yana ta duban bakin filafilinsa kamar ranar ya fara ganinsa. Mai Hula ya juya ya tafi. Ba a jima ba ita ma macen ta ƙetare da kayanta duka, ba ta sake dawowa ba. Sai ƙanƙara ta sauko fara fat kamar auduga, ta rufe duwatsun. Kullum Dogo zai jera kwano uku a tebur, ya zuba miya a cikinsu, ya sha ɗaya, ya zauna yana kallon biyun har su huce.

Nan zaren ya ƙare, zanen ya koma fari. Wasu suka tashi suka fita, suna cewa yunwar da ke waje ta ishe su, ba sai an ƙara musu da ta Turawa ba. Mumuni ya roƙi a dakata, ya buɗe gwangwani na biyu.

Ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ana buga ƙofa. Dogo ya buɗe, sai ga Mai Hula a jiƙe sharkaf da akwatinsa. Wani tsoho a gabanmu ya yi kabbara. Dogo ya tsaya yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba, sannan ya matsa masa, ya zuba masa miya, bai tambaye shi komai ba. Na ce a raina kunya ce, irin tamu, kowa ya haɗiye abin da ya wuce. Suka gyara rufin ɗaki tare. Sai ga Mai Lema a bakin ruwa da lemarta, tana ɗaga hannu. Daga ƙarshe su ukun suna tsakiyar kogi, iska ta tsinke hular Mai Hula ta jefa ruwa, Dogo ya miƙa filafili zai kamo ta ya kusa kifar da su, suka fashe da dariya. Ni ma na ji wani abu ya ɓalle a ƙirjina, na yi ta dariya har da hawaye. Da na waiga, Bube ba zanen yake kallo ba, ni yake kallo.

A hanyar gida, buhu a ka, ban yi shiru ba. Na ce masa ya gani, wanda ya tafi yana dawowa, kai dai ka ajiye masa kwanonsa. Ya ce haka ne. Mun yi tafiya mai nisa sannan ya tambaye ni ko na lura da saniyar. Na ce ai kun ji, a nuna wa Bafillace ƙasar Turawa gaba ɗaya, duwatsu da ƙanƙara da mace mai lema, shi saniya ya gano. Ya yi dariya, ya ce Kaɗo da ba ya bambanta saniya da jaki shi ne zai faɗa masa, ya bar maganar.

Shekaru suka tafi. Na auri Uwa, ya auri Hajjo. Ubanninmu suka rasu, gona ta dawo hannuna da na yayana Abdulwahab, muka raba ta da jerin aduwa a tsakani. Garken Bube ya farfaɗo. Yadda aka saba, in kaka ta yi, mai gona ne ke kiran mai shanu, ya ce masa ranar kaza mun gama kwashe amfani, shigo. Makiyayi ba ya shiga gona da ka. Ni dai kiran nawa a kasuwar Urafane nake yin sa, in same shi wajen masu gishirin dabbobi, in ja masa hula in ce ranar kaza, shi ke nan. Su sauka wata guda ko fiye, mu ba su hatsi, su ba mu nono. Labarin silimar kuwa na ba da shi ya fi a ƙirga. Uwa takan ce ta san Dogo fiye da yadda ta san kawunta.

Ni mutum ne da abin mamaki ke ja kamar igiya. In aka ce ga kuka da ta haɗiye ƙafar keke, ko an haƙo tulu da haƙoran da ba na mutum ba, ba na iya zama. Shekara ashirin da ɗaya ke nan, ranar wata kasuwa na ce wa Bube ya shigo ran Alhamis. Nawa hatsin na kwashe, saura waken Abdulwahab, kuma mun yi da shi zan taya shi roro Talata da Laraba. Ban gaya masa na sa wa Bube rana ba, don na ɗauka za mu gama. Daren Litinin wani fatake ya ce an ga kifi mai rai a wata rijiya a Bawdeta, inda ba kogi ba tafki. Da asuba na hau jaki. Na ce yini ɗaya zan yi. Kwana uku na yi, ina zaune bakin rijiya da wasu irina, ana ta zura guga. Kifin ma ban gan shi ba.

Ran Alhamis da hantsi shanun Bube suka shiga, suka ƙetare aduwoyin, suka share waken Abdulwahab tas.

Na iso na tarar an taru a ƙofar maigari. Yayana yana ta kumfar baki, 'ya'yansa riƙe da sanduna. Bube na tsugune gefe, sandarsa a ƙasa. Ya faɗi magana ɗaya, cewa kiransa aka yi. Maigari ya juyo ya tambaye ni, a gaban kowa, ko ni na kira shi. Abdulwahab ya zuba mini ido. Tun ina yaro idon nan yake kashe mini jiki. Na san in na ce ni ne, sai an tambayi inda nake kwana uku, garin kuma zai yi shekara yana dariyar kifi. Na sunkuyar da kai ina kallon yatsun ƙafata. Ban ce ni ne ba, ban ce ba ni ba ne. Maigari ya jira, ya gaji, ya yanke hukunci. Aka kama wani jan bajimi, mafi kyau a garken, aka ba Abdulwahab. Bube ya ɗauki sandarsa, ya dube ni sau ɗaya, ya juya. Kafin la'asar sun tashi.

Daga baya na ji sun koma wajen El Allassane Maïreyrey, wadda muke ce wa Mairairai, can ƙasar Mayahi, inda dangin Hajjo suke.

Abin da zan faɗa yanzu na san wauta ce, amma haka na yi. Da na koma gida ranar, sai na tuna Dogo yana kallon filafili. Na ce ashe ga inda muke, muna gwangwanin farko ne. Rabuwa ce ke fara zuwa, sai ƙanƙara, sannan a buga ƙofa. Zuciyata ta ɗan kwanta. Da kaka ta zagayo ban kwashe harawata ba, ban tara kara ba, na bar su a gona. Haka na yi shekarar da ta biyo, haka na yi kowace shekara. Mutane na sayar da harawa da tsada a bazara, tawa tana bushewa, awakin gari da gara suna rabawa. Aka fara cewa Mamudu ya taɓu. Uwa ta yi magana har ta gaji. Ta ce in ɗauki goro in hau mota, Mairairai ba Makka ba ce. Na ce mata ba haka labarin yake tafiya ba, Dogo bai bi kowa ba, kwano ya ajiye. Ta ce Dogo ba shi ya ci amanar Mai Hula a ƙofar maigari ba. Kwana biyu ban yi mata magana ba.

Abdulwahab ya rasu. Maigarin ya rasu, ɗansa ya hau. Shekara shida da suka wuce Uwa ma ta tafi, ciwon kwana tara. Ɗiyarmu Rufaida tana aure a Tasawa, takan aiko da abin miya, takan ce in dawo wurinta. Nakan ce mata in na tashi, wa zai buɗe ƙofa? Gidan ya yi mini yawa. Wani lokaci nakan yini ban ji muryata ba sai wajen salla.

A kasuwar Urafane akwai Sha'aibu mai cajin waya, taubashina ne, gemunsa ya fara fari amma bakinsa bai girma ba. Shi ke zuba wa mutane waƙoƙi da finafinai a kati. Ya ji labarin Dogo wajena ya fi sau ashirin, har in na tunkaro rumfarsa yakan ce a ba mai kwale-kwale hanya kada ya jiƙa mutane. Bana, bayan an yi girbi, ya kira ni da hannu. Ya ce ya sayi tsohuwar odinata, wato kwamfuta, wajen iyalan wani malamin lekol da ya rasu a Maraɗi, cike take da finafinan da ba mai so, kuma ya ga wani dogon banza da saniya a bakin ruwa, in zo in duba ko dangina ne.

Ya zaunar da ni kan benci, ya juyo mini gilashin, ya rufa mana buhu saboda hasken rana. Aka fara da rubutu da kiɗa. Sai ruwan sama. Sai aka buga ƙofa.

Na ce masa ya tsallake rabi, ya koma farko. Ya ce nan ne farko. Na ce ƙarya yake, shi dai bai iya aikinsa ba, a hannun Mumuni na ga abin nan tun uwarsa ba ta yaye shi ba. Ya nuna mini wani ɗan layi a ƙasa, ya ce ga shi yanzu ya fara tafiya, shi bai taɓa komai ba. Na ci gaba da kallo. Dogo ya buɗe ƙofa yana kallon Mai Hula kamar bai san shi ba, don kuwa bai san shi ba. Baƙo ne ruwa ya koro. Suka gyara rufi, Mai Lema ta zo, hula ta faɗa ruwa, suka yi dariyarsu. Ina jin ɗan layin bai kai ko rabi ba. Daga nan tebur, da shiru, da akwati, da filafili. Ƙanƙara ta sauko. Dogo ya jera kwano uku, ya zauna. Hoton ya yi ta ja da baya, gidan yana ƙanƙancewa cikin fari, sai harufa uku suka fito. Su kam na iya karanta su. FIN, wato ƙarshe.

Sha'aibu ya fara wata tsokana, ya dubi fuskata, ya haɗiye ta. Ya ce wataƙila Mumunin bai iya karanta lambar gwangwani ba ne. Na ce ya zuba mini shi a wayar da Rufaida ta ba ni.

Kwana biyu bayan haka na sayi goro ƙwarya guda, na shiga motar 'yan kasuwa zuwa Tasawa, daga nan wata zuwa Mayahi, sannan kabu-kabu ya ɗauke ni a babur cikin rairayi. A hanya mun wuce wani gawo da aka rataya wa tsohuwar ƙofar mota a reshe, ban ko tambayi dalili ba. Sai da na yi tambaya sau huɗu kafin a nuna mini rugar, bukka biyu a bayan wani tudu, awaki kaɗan, da tsohuwar saniya ɗaya a ɗaure.

Hajjo ce ta fara ganina. Ta tsufa, ta ƙanƙance. Ta daɗe tana dubana, sannan ta juya ta ce, da Hausa don in ji, an yi baƙo.

Bube yana zaune ƙarƙashin aduwa yana tufkar igiya. Yanar ido ta rufe masa idanu biyun, sun yi fari kamar nono. Na yi sallama. Hannunsa ya tsaya kan igiyar.

"Malam Mamudu," in ji shi. "Sannu da hanya."

Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ranar. Ya sa aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, nesa kaɗan da tasa. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, gida, gona, gajiya, ya yi mini ta'aziyyar Uwa, ya ce labari ya iso su a lokacin. Na tambayi shanu, ya ce suna hannun ɗansa Khalifa, sun yi kudu shekara bakwai ke nan, ba sa hawowa kuma. Hajjo ta kawo nono a ƙwaryar baƙi, an rufe da sabon faifai. Na tura ta tsakaninmu. Ya ce alhamdulillahi, shi ya riga ya sha.

Na ce bari in gwada. Na ce, "Ɗan Nagge, ka tsufa ka lalace, ko jaki ba ya sayenka."

Na jira. Da can kafin in rufe baki ya rama sau uku. Ya ce tsufa kam ya zo, sai godiya.

Sai na ciro wayar, ina ta kame-kame, na ce masa na zo da silimar nan ta Tasawa, ko ya tuna. Na manta ba ya gani. Na ce masa Mumuni ya cuce mu, juya gwangwanin ya yi, na ƙarshe ya fara sakawa. Ba wanda ya dawo. Buga ƙofar nan farkon haɗuwarsu ne. A kwano uku labarin ya ƙare.

"Na sani," ya ce.

Na tambaye shi wa ya gaya masa.

"Saniyar. A gwangwanin da ya fara sa muna, ƙahonta na hagu a karye yake, ga maraƙi tana shayarwa. A na biyu ƙahonta biyu lafiya lau, karsana ce ma, cikin fari gare ta. Ƙaho in ya karye ba ya komawa. Tun a magazar na gane."

Na tambaye shi don me bai faɗa mini ba, shekara hamsin.

"Na fara, a hanya. Wata bakwai ban ji dariyarka ba, ran nan na ji. Sai na ce mi ya yi zafi, a bar ma Kaɗo abinshi."

Sau ɗaya ke nan sunan ya fito, kuma ba ni ya kira da shi ba, wani yaro yake nufi mai buhu a ka.

Na ajiye goron a gabansa. Na ce, "Bube, ni na kira ka ran nan. Ni na ce Alhamis."

Ya ce ya sani, ai yana wurin. Ba da zafi ya faɗa ba. Ya ci gaba da tufka, yana magana a hankali kamar mai ba da labarin wasu mutane. Ya ce shekara goma sha ɗaya, kowace kaka, yakan karkato da garke ya sauka a rijiyar makiyaya da ke yamma da garinmu, wadda in ka fita da hantsi kafin azahar ka isa. Kwana uku yake yi. Yakan ji a bakin masu ɗiban ruwa cewa Mamudu ya bar harawa a gona, ya gane don wa aka bar ta. Amma harawa ba ta magana. Wanda aka karɓe wa bajimi a gaban jama'a, aka ce ya shiga gona ba kira, ba ya sake taka gonar nan sai an zo an kira shi da baki, mutane suna ji. In ya shiga haka nan, ya tabbatar da abin da aka ce. Kullum in rana ta yi sanyi yakan hau bakin kwalbatin rijiyar ya dubi gabas ko zai ga jaki. Hajjo tana yi masa faɗa. A shekara ta goma sha biyu bai karkato ba.

Rijiyar na san ta. A cikin shekarun nan na wuce ta kusa da ita ya fi sau nawa, zuwa kallon abubuwan banza.

Na ce da ya gaya mini zancen ƙahon tun farko, da ban zauna jira ba, da na zo.

"Wataƙila," ya ce. "Ni ma na yi wannan tunani a bakin rijiyar. Na ce ni na bar shi da ƙaryar Mumuni, ga ta tana cin mu."

Na ce to yanzu ga ni, na zo kira. Ya tashi mu tafi, in tsaya a ƙofar maigari in faɗa da ƙarfi cewa ni na ce Alhamis.

"Gaban wa? Maigarin ya mutu. Yayanka ya mutu. Waɗanda suka riƙe igiyar bajimin sun mutu. Yaran yanzu za su ce tsofaffi biyu sun zo da tatsuniya." Ya laluba ya gyara igiyar a babban yatsan ƙafarsa. "Kuma in na zo, da mi zan shiga gonar? Da awaki shida?"

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe tun ba a kai bajimin kasuwa ba, kada in sa wannan a raina, tsakaninmu ba komai sai alheri. Yadda ya faɗe ta, haka ake faɗa wa wanda ya taka maka ƙafa a masallaci.

Mun zauna har inuwar aduwar ta matsa daga kanmu. Na yi ta neman wata magana, shi kuma duk abin da na ce sai ya amsa da ladabi. Da ya ji ƙarar kabu-kabun ya dawo ɗaukata, ya ce wa Hajjo a sallami baƙo. Ta kawo man shanu a 'yar kwalba, ta miƙo ba ta dube ni ba. Goron ya karɓa, ya sa albarka. Ya dafa sanda ya raka ni taki kamar goma, ya tsaya inda igiyar saniyar ta ƙare, ya ce in gai da gida.

Na ce wa mai kabu-kabu ya jira ni a bayan tudun, zan taka. A hankali na hau, ina jan ƙafa, kunnena duk yana baya. Na ce ko da zagi ne. A kan tudun na tsaya kamar mai gyara takalmi, na daɗe. Na ji muryar Hajjo tana kiran awaki. Da na waiga ya koma ƙarƙashin aduwa, ya sunkuya kan igiyarsa.

Ranar kasuwa ta gaba na koma wajen Sha'aibu. Na tambaye shi ko zai iya yanka silimar biyu, ya sa rabin baya a gaba. Bai yi tsokana ba, ya ce aikin minti kaɗan ne. Ya yi, ya zuba mini a waya.

Na kai ta gona da la'asar, na zauna cikin harawar da ban kwashe ba, na kunna. Tebur, akwati, filafili, ƙanƙara, kwano uku. Sai ruwan sama, sai aka buga ƙofa. Dogo ya tashi da fitila zai buɗe, ya bi ta gaban turken. Shekara hamsin ban taɓa ganin wurin nan ba. Ga ta nan tsaye tana tuƙa, ƙahonta biyu cif.

Na bar shi yana tafiya har hula ta faɗa ruwa. Suna ta dariya a tsakiyar kogi, ni ina neman saniyar a bakin gaɓa.